Amsa: Hasken da ya fito a saifar Baba

Malam, ka ce hoton Galiyom-68 DOTATATE (hoton asibiti da ake ɗauka bayan an yi allurar wani magani mai haska wasu nau'o'in ƙari) na mahaifinka ya nuna saifa da ƙoda suna haske, kana tsoron ciwon ƙarin da ke jikinsa ya bazu. Kwantar da hankalinka tukuna. Maganin hoton yana manne wa gurbin da ke karɓar somatostatin ne, wani sinadari da jiki ke samarwa, kuma saifa, ƙoda da hanta suna ɗaukarsa ko a jikin mai lafiya, saifa ma ta fi haske. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙari mai saurin girma, wanda Ki-67 ɗinsa, wato ma'aunin saurin hayayyafar ƙwayoyinsa, ya haura kashi 20 cikin ɗari. Yakan ɓuya a irin wannan hoto, sai hoton FDG, wanda ke nuna inda ake shan sukari da yawa a jiki, ya tona shi. Ka kai wa likitansa a nan Abuja faifan hoton, ba takarda kaɗai ba, ka faɗa masa ranar da aka yi wa Baba allurar octreotide ta ƙarshe, maganin da shi ma ke manne wa wancan gurbi. Allah ya ba Baba lafiya.