Aikin sa-kai na injiniya a waje: amsa ga ƙanena

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama bautar ƙasa, kana riƙe da digirin injiniya, kana son fita aikin sa-kai a wata ƙasa, in faɗa maka yadda ake shiri. Masu yi mini wannan tambaya suna da yawa, kuma galibinsu Turai ce a ransu. To, cire wannan tun yanzu. Aikin raya ƙasa ba Landan yake kai mutum ba. Ni ƙauyukan Mangochi ya kai ni, a Malawi. Zaman da nake yi a Ingila karatu ne ya kawo shi daga baya, da gumina.

Ƙofofin gaskiya sanannu ne: UNV, hukumar 'yan sa-kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedkwata a Bonn ta Jamus, VSO, ƙungiyar 'yan sa-kai ta Ingila wadda aka kafa a 1958, sai TAC tamu ta gwamnatin Najeriya da ke tura ma'aikata ƙasashen waje na shekara biyu tun 1987. UNV ba ta karɓar ko kwabo daga mai nema, duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gurbi a cikinta ɗan damfara ne. Abin da ake bayarwa kuma alawus ne, ba albashi ba. Ka gaya wa su Hajiya haka baki da baki kafin ka tafi, don kada wata ya ƙare a zuba wa waya ido.

Ga abin da ba wanda ya faɗa mini. Lissafin da muka sha wuya a kansa a jami'a kaɗan ne ya yi mini amfani. Aikin duka famfon tuƙa-tuƙa ne, samfurin Afridev, wanda aka ƙera shi don mutanen ƙauye su iya zaro sandunansa su canja abin da ya ci da hannunsu, ba sai an kira injin ɗagawa ba. Amma sai ka tarar da rijiyar burtsatse da aka kashe maƙudan kuɗi a kanta ta mutu wata da watanni saboda wata 'yar roba. Shagon kayan gyara yana da nisa, kwamitin ruwa ya watse, ma'aji ya ranta kuɗin asusu bai mayar ba, mata sun koma ɗiban ruwan tafki. Wannan ba a zana shi a kwamfuta. Zama ake yi da mai gari da matan da ke ɗiban ruwan, a saurara har a gane inda gizo ke saƙa. In ba ka iya gaisuwa da harsunan yankin, Chichewa ko Yawo, ba, ba wanda zai buɗe maka cikinsa.

Akwai kuma abin da har yau yake mini ciwo. Mu kan isa ƙauye da abokin aikina Bature, wanda ni nake duba masa lissafi, sai a shimfiɗa masa kujera, ni kuwa a tambaye ni inda zan ajiye motar. Hatta a ofishinmu shawarata ba ta shiga sai ta fito daga bakinsa. Ka shirya wa wannan, kada ya ci maka zuciya. Makanikan da na horar suna aiko mini hotuna, famfunan nan suna zubar da ruwa har yanzu.

Kada ka je filin jirgi ba katin rigakafin shawara. Kada ka ce kai ɗan Najeriya ne, sauro ya san ka. Ka sha magani, ka kwana cikin gidan sauro. Tafkin Malawi yana da kyau amma akwai tsargiya a cikinsa. Ka tabbata takardar izinin aiki ce a hannunka, ba bizar yawon buɗe ido ba, kuma a rubuta maka wanda zai ɗauki nauyinka in ka kwanta ciwo.

Kafin duk wannan, je hukumar ruwan karkara ta jiharku, ko ka bi masu haƙa burtsatse, ka yi 'yan watanni kana kwance famfo kana ɗaurawa. Bayan nan ka turo mini takardunka in duba.