Zauren Masu Hoto: Balbela, Rago da Garken Shanu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kyamarar Canon da gilashi mai 70-300mm. Nakan fita wajen Kura ɗaukar tsuntsaye a fadamun shinkafa, amma balbela sai ta fito fari fat, ko gashi ɗaya ba a gani, in kuma ta tashi hoton ya yi dishi-dishi. Laifin kyamarar ne? (Mai karatu daga Gwale)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kyamararka lafiyarta ƙalau, matsala biyu ce ta haɗe maka. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta ɗauki matsakaici. Koren shinkafa da taɓo sun fi balbela duhu nesa ba kusa ba, sai ta ƙara haske don su fito, farin gashin kuma ya ƙone. Nemi maɓalli mai alamar +/- ka sauke shi zuwa -1, ka ɗauka, ka duba bayan tsuntsuwar. In har yanzu ba ka ga layin gashi ba, ƙara saukewa kaɗan. Shirwa kuwa akasin haka take: in tana shawagi cikin farin sararin hazo, baƙa ƙirin za ta fito sai ka ɗaga zuwa +1.

Dishi-dishin kuma jinkirin ƙiftawar kyamara ne. Juya dabaran sama zuwa Tv (masu Nikon su nemi S), inda kai ne za ka zaɓi saurin ƙiftawar, ka sa 1/2000 na daƙiƙa ga mai tashi, 1/500 ga wadda ke tsaye. Bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya zaɓi kansa, ko ya kai 1600 kada ka damu. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Sa fokas a AI Servo don ya riƙa bin tsuntsuwar, ka saita shi a kan idonta, ka riƙe maɓalli ya zubo biyar ko shida a jere.

Ga abin da ba ya cikin takardar kyamara. Tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, ranar safe ma a gabas take, don haka in ka ba su baya su biyun, balbela kai za ta fuskanto da haske a fuskarta. Kuma 300mm ba wani nisa yake ci ba. Balbela sai ka matso kamar mita goma, tsada kuwa mita huɗu ko biyar. Kada ka bi su, ba za ka cim musu ba. Ka lura da inda shanu ko masu huɗa suka dosa, ka riga su can, ka zauna a gindin kunya ka yi shiru. Balbela na biye da su tana tsintar fara. Farar shadda a bar ta sai Juma'a. Mai koyo ma ya fara da shamuwa in ta iso gab da damina, tunda a bishiyoyin cikin gari take sheƙa, ba ta gudun mutum.

Tambaya: Ina kiwon raguna a gonarmu, ina tallarsu a WhatsApp kafin Babbar Salla. A wayata sai ragon ya fito da ƙaton kai, jiki ɗan tsurut. (Wata daga Tarauni)

Amsa: Hajiya, kina matsawa kusa ne kuma kina ɗauka a tsaye. Gilashin waya mai faɗi ne, duk abin da ya fi kusa da shi kumbura shi yake yi, ga shi kan ragon ne ke gaba. Ja da baya taku huɗu ko biyar, ki danna 2x, ki tsuguna har wayar ta yi daidai da ƙirjinsa. Ki ɗauke shi ta gefe, ƙafafu huɗun duk a bayyane, yadda mai saye zai ga tsawon baya da cikar cinya. Yaro ya tsaya can gaba yana kaɗa dusa a kwano, nan take ragon zai ɗaga kai ya tsaya cak. Balami fari ne, jan bangon ƙasa ya fi fito da shi; uda mai launi biyu a inuwa mai haske ake ɗaukarsa, don rana tsaka ko dai ta ƙone farin ko ta binne duhun. A hoto ɗaya mutum ya tsaya a gefensa, masu saye sun gaji da ragon da ya fi girma a waya. Ki goge gilashin da gefen mayafi tukuna.

Tambaya: Ina so in ɗauki garken shanun Fulani a hanyar Tiga, ta ina zan fara? (Ɗalibi daga Kabuga)

Amsa: Ta gaisuwa, ɗan'uwa. Ka yi wa makiyayin sallama, ka nemi izini, ka nuna masa hoton bayan ka ɗauka; matan ruga kuma kada ka ɗaga musu kyamara sai an yarje maka. Kashe filasha, kuma kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Lokacin da ya fi shi ne la'asar sakaliya, garke na komawa gida: tsaya yadda rana za ta kasance bayansu, ƙurar da kofato ke tayarwa sai ta yi ja, ƙahonin bunaji su fito tsaf a cikinta. Duba doronsu, wani lokaci za ka samu carki yana cirar kaska.

Wannan ƙurar dai ita ce abokiyar gabar kyamara. Kada ka cire gilashi a fili. Ka shiga mota ka rufe, ka kifa bakin kyamarar ƙasa sannan ka canza. In ka fara ganin ɗige-ɗige baƙaƙe a wuri guda cikin kowane hoto, ƙura ta hau farantin ciki, a hure ta da 'yar robar busa iska, ba da baki ba. In kuwa yawan shanu kake nema ka gwada hannu, karar Wudil ranar Juma'a take ci, ka je da sassafe.