Raba kuɗin cefane tsakanin masu zama gida ɗaya

Ɗan'uwa, ka ce ku uku ne kuke haɗa cefane, ɗaya yana yawan tafiya, kayan ƙwalama kuma suna ɓacewa a firij.

Kuɗin tukunya ku raba shi bisa kwanakin da kowa ya ci. Misali, biyu sun yi kwana 30-30, ɗaya 20, jimla 80. A kasa kuɗin tukunyar kashi 80, kowa ya biya kwanakinsa. Ƙwalama kuwa kowa ya rubuta sunansa a ledarsa, musaya ta bi farashi, ba yawa ba.

Barin lissafi a ka shi ke haddasa rigima, don haka ku ajiye rasit. Mai ciwon suga kuma ya tuntuɓi likita kafin ya shiga tukunyar haɗaka.