Yaushe masu neman jinsi suka fara kafa ƙungiya a Turkiyya?

Malam, ka tambaya ko a 2003 aka fara, lokacin da masu neman jinsi suka yi tattakinsu na farko a Istanbul. A'a, abin ya girmi haka.

Tun 1858 Daular Usmaniyya ta cire luwaɗi daga jerin laifuffuka, don haka rigimarsu da 'yan sanda ce da dokokin "kare tarbiyya". Bayan juyin mulkin soja na 1980 aka matsa musu lamba sosai, har aka hana mawaƙiya Bülent Ersoy hawa dandamali saboda ta sauya jinsi. A 1987 wasu suka yi yajin cin abinci a unguwar Taksim ta Istanbul kan dukan da 'yan sanda ke musu.

A 1993 gwamnan Istanbul ya hana wani taro da suka shirya, aka tasa ƙeyar baƙin da suka zo daga waje. Daga wannan takaicin aka kafa ƙungiyar Lambdaistanbul. A 1994 ƙungiyar Kaos GL ta fito a Ankara da mujalla, wadda da farko da injin fotokwafi ake buga ta. A ganina mujallar ta fi tattakin tasiri, domin ita ta haɗa mutanen da ba su san juna ba.

Tattakin 2003 kuwa, mutum kusan 30 ne kawai. Ya kai dubun dubata a 2013 da 2014, sannan hukuma ta haramta shi daga 2015.