Filin Tambaya da Amsa: Shin ƙirƙirarriyar basira za ta karɓe alli daga hannun malami?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a wata makarantar gwamnati da ke Jihar Jigawa, kuma a bana yaran ajina sun haura 90. Kwanakin baya a wajen wata bita aka ce mana nan gaba kaɗan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajoji irin su ChatGPT da ake yi wa tambaya su ba da amsa kamar mutum, ita za ta riƙa koyar da yara a ƙasashe masu tasowa. Wasu abokan aikina hankalinsu ya tashi, wasu kuma dariya suka yi saboda ko wutar lantarki babu a makarantarmu. Su wane ne ke da gaskiya?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara miki juriya a kan wannan aiki. Masu dariyar sun fi kusa da gaskiya, domin ba yau aka fara yi wa makarantun talakawa alkawarin cewa na'ura za ta warware matsalarsu ba. A shekarar 2005 aka ƙaddamar da shirin bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta, har aka gwada shi a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Ƙasar Peru ta raba ɗaruruwan dubban irin waɗannan kwamfutoci, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, wanda ya shafi makarantun karkara sama da 300, ya nuna cewa yaran sun ƙware a sarrafa kwamfutar, sai dai makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Duk da haka akwai wani abu guda da na'ura ta fi ƙarfin kowane malami a kansa, kuma ke kin fi ni sanin inda yake ciwo. A cikin yara 90 ɗin nan akwai wanda yake karanta jimla, akwai wanda yake haɗa baƙi da wasali da ƙyar, akwai kuma wanda har yanzu bai bambance harafi da harafi ba, amma tsarin darussa ɗaya aka ɗora miki ki bi da su duka. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhajar kwamfuta mai suna Mindspark, wadda take fara auna matsayin kowane ɗalibi sannan ta ba shi aikin da ya yi daidai da shi, ko da kuwa ya yi ƙasa da ajin da yake ciki da shekara biyu ko uku. Cikin wata huɗu da rabi, ɗaliban da suka shiga shirin sun yi wa takwarorinsu nisa sosai a lissafi da harshen Hindi, kuma 'yan baya a aji ma ba a bar su a baya ba.

Misali mafi kusa da mu shi ne na Jihar Edo. A tsakiyar shekarar 2024 Bankin Duniya ya tallafa wa wani gwaji na mako shida a birnin Benin, inda ɗaliban babbar sakandare suka riƙa zama bayan an tashi makaranta suna koyon Turanci da taimakon GPT-4, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT. Masu binciken sun ce ci gaban da aka samu ya kusa kai na shekara biyu a irin karatun da aka saba. Ina so ki lura da abin da masu yayata labarin sukan tsallake: malamai suna cikin ɗakin, su suke tsara abin da za a tambayi na'urar, su suke tattauna amsar da ɗalibai. Kuma gwaji ne na mako shida a birni, tsakanin samari da 'yan mata da suka riga suka iya karatu.

Nan ne gizo ke saƙar ga irin makarantarku. Alƙaluman Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF na 2022 sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, kuma a Afirka kudu da Sahara abin ya kusa kashi 90. Yaron da bai iya karatu ba ba zai rubuta wa na'ura tambaya ba, balle ya gane amsarta. Sannan waɗannan manhajoji daga rubutun intanet suka koyi magana, mafi yawansa kuwa da Turanci ne, saboda haka Hausarsu takan fito da santsin fassara, wani lokaci ma su ƙirƙiro amsar ƙarya su faɗe ta ba tare da shakka ba. Maganar wuta da kuɗin data kuwa ba sai na tsaya a kanta ba.

Game da tsoron rasa aiki, UNESCO ta ƙiyasta cewa Afirka kudu da Sahara tana buƙatar ƙarin malamai miliyan 15 kafin 2030. Abin da ni nake jin tsoro daban ne: makarantun kuɗi na birane su haɗa malami da na'ura, na karkara kuma a turo musu kwalayen na'urori a ce an gama da su.

Shawarata ita ce ki ɗauki na'urar a matsayin mai taimaka miki ke kanki. Ƙa'idojin da UNESCO ta fitar a 2023 sun ba da shawarar kada a bar yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji shi kaɗai, don haka 'yan ajinki ba su ma kai ba. Da wayarki kina iya sa ta rubuta miki aikin lissafi iri uku, mai sauƙi da matsakaici da mai wuya, ki raba aji rukuni uku, amma ki duba kowace amsa da idonki kafin ta hau allo.

TAMBAYA: Malam, ni mahaifi ne daga Maraɗi. Ɗana da ke sakandare da wayata yake yin aikin gida na Faransanci, makinsa ya yi kyau amma ina zargin na'ura ce ke rubuta masa. In hana shi?

AMSA: Kada ka hana shi, Alhaji, domin zai ari wayar aboki ne kawai. Idan ya gama aikin, ka karɓi wayar, ka ce ya fassara maka abin da ya rubuta da Hausa, jimla bayan jimla, ko da kai ba ka jin Faransanci. Idan ya kasa, ka sa ya fara rubutawa da hannunsa tukuna, sannan ya nemi na'urar ta nuna masa kurakuransa da dalilin kowanne. Ka kuma sanar da malaminsa, domin ya riƙa auna shi da aikin da aka yi a gabansa cikin aji.