Matashin da aka yi wa mummunan zato: yadda ake gina shi a labari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta labarai uku a kan matasan da manya suka yi wa mummunan zato, ɗaya a zamanin Daular Usmaniyya, ɗaya a zamanin Turawa, ɗaya a yau. Waɗanda suka duba min sun ce duk mutum ɗaya ne na canja wa tufafi. Ina gyaran yake? Daga wata marubuciya, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Duba zargin tukuna. Laifin da ake ɗora wa yaro daga al'adar zamaninsa yake fitowa. In duk ukun soyayyar ɓoye ake zarginsu da ita, dole su zama mutum ɗaya.

Ɗauki na farko. A zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jaji, wato shugabar ayarin mata, mai sanye da malfa kan jagoranci 'Yan Taru, mata masu neman ilimi, daga ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu, suna riƙe da sadakar hatsi, zuma ko man shanu. Sa yarinyarki ta riƙa rage abin da aka auna mata na daka don ta tara nata ƙunshin. Uwar gida ta ga gero na raguwa, sai ta kira ta ɓarauniya. Kada ki ce shekarunta 14, domin ba haka ake ƙidaya ba. Nuna cewa bana ta fara cika azumi. Kuɗin hannunta wuri ne.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, abin tsoro ya sauya. Yaron da aka kai boko ana ganinsa riƙe da takardar jangali yana magana da malamin haraji, sai gari ya ɗauka shi ke kai rahoton yawan shanu, alhali lissafin yake bi don kada a cuci mahaifinsa. Nan anini, kwabo da sule za ki ambata. Naira sai 1973.

Na yau ya fi wuya, don mai karatu zai ce me ya hana yarinyar da ake zargi ta nuna wayarta kowa ya huta? Ba ta dalili mai nauyi: cinikin turaren wuta take yi a WhatsApp cikin dare tana biyan bashin da mahaifinta bai so a sani ba.

Wannan shirun shi ne ƙashin bayan labarin, kuma nan aka fi yin kuskure. Yaron Bahaushe ba ya tsayawa gaban uba ya zuba hujjoji. Kunya ke ɗaure masa baki, balle ɗan fari da uwarsa ko sunansa ba ta kira. Marubucin da ya ba shi dogon jawabin kare kai ya rusa ginin. Mai zargin ma a ba shi hujja biyu da duk mai hankali zai yarda da su, in ba haka ba ya koma mugun tatsuniya. Mai karatu kuwa ya ga gaskiya da idonsa kafin a fara zargi, don tausayin daga nan yake tasowa.

Sakkwatanci ki bar shi a bakin 'yan labari: "mi kac ce", "ɗiya tai", "munka taho". Bayaninki ya tsaya a daidaitacciyar Hausa.