Ga ɗan'uwan da ke neman sabon wasa don majalisarsu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun da safe na ga tambayarka, na ce bari sai na natsu tukuna, don abin da ka rubuta kamar a majalisarmu ka zauna ka kwaso shi. Ku bakwai ne, kuna haɗuwa daren Asabar bayan isha'i, lido da whot sun ishe ku, ƙaninka zai dawo daga Ingila ya ce ku zaɓi wasa ɗaya ya taho muku da shi, kuma kanku ya rabu tsakanin Monopoly da Catan. Can ƙasa ka ƙara da cewa akwai mutum ɗaya a cikinku da ba ya iya ɗaukar kaye, in kuma ya ci ba a shan iska. Kai ka sa wannan a matsayin ƙarin bayani, ni kuwa ita ce ta tsaya mini a rai. Wannan mutumin za ka duba kafin ka duba kowane kwali.

In za ka ji tawa, Monopoly dai a'a. Ka ce wa ƙaninka ko kyauta aka ba shi ya bar musu abinsu.

Mu na Legas muka samu, wanda aka fitar a 2012, mai Banana Island a gida mafi tsada, Makoko a mafi arha, gidan yarin kuma Kirikiri. Farko-farko dariya ce zalla, a tura mutum Kirikiri a yi ta masa jaje. To akwai wani a cikinmu, ba zan kama suna ba, kullum shi ke riƙe banki, ba wanda ya naɗa shi, kawai ya jawo akwatin kuɗin gabansa ne. Shi ya kawo dokar cewa duk tarar da aka biya a tara ta a tsakiya, wanda ya sauka a Free Parking ya kwashe. Shi ya kawo bashi tsakanin 'yan wasa. Shi ya soke gwanjo, alhali takardar dokar wasan ta ce duk gidan da mutum ya sauka a kai ya ƙi saya, banki ya sa shi a gwanjo nan take. Waɗancan biyun kuwa babu su a takardar sam. Su ne kuma suke sa wasan ya ƙi ƙarewa, kuɗi na ta komowa hannun mutane, ana ta zagaye har dare ya raba. In ka ɗauko takardar za ka karanta masa sai ya ce, "Haka muke yi tun muna makaranta." Shi da wani ɗan ɗakinsa kuma suna yafe wa juna haya a gaban kowa, mu ne dai ba a yafe wa.

A lokacin ban daɗe da rufe shagona ba. Bashi ya yi mini katutu, na sallami yaron shago, na mayar wa mai gida makullinsa. Duk majalisar sun sani, har da shi, don na taɓa zuwa gidansa neman rance ya ce kuɗinsa na cikin kaya. Ban riƙe shi da wannan ba, kowa da uzurinsa. Zuwana majalisa ma don in ɗan manta ne. Ran nan sai na sauka a kan otal ɗinsa. Na sayar wa banki gidajena a rabin kuɗi, na jinginar da filayena ɗaya bayan ɗaya, duk da haka bai kai ba. Ya karɓi takardun yana ƙirgawa a hankali, yana lasar yatsa, sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai dai ko na takarda ba ka iya riƙe jari."

Mutum biyu suka yi dariya, sauran suka sunkuyar da kai. Wallahi ɗan'uwa har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗaure. Kuma ba damar tashi, don a motar ɗaya daga cikinsu na zo, shi kuma yana cikin wasan tsundum. Haka na zauna a gefen tabarma, shayina ya huce, ina kallon suna saye da sayarwa har bayan sha biyun dare, shi kuwa duk wanda ya kusa karyewa sai ya ce, "A yi hankali kar a bi sahun Alhaji," yana nuna ni da haɓa. Washegari da aka yi masa magana cewa ya yi, "Wasa ne fa, shi ma ya cika riƙo." Ko kira bai yi ba. Mun haɗu a ɗaurin aure ya miƙo hannu yana washe baki kamar ba a yi komai ba, na ba shi hannu don idon jama'a. Hali zanen dutse. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba maganar ba ce, waɗanda suka sunkuyar da kai ne, mutanen da muka tashi unguwa ɗaya, ba wanda ya ce masa kai, bari. Daga nan majalisar ta fara tsinkewa, wannan ya ce aiki, wancan ya ce iyali, aka daɗe ba a zauna ba.

Na san za a ce ai laifin mutumin ne, ba na wasan ba. Haka ne, amma wasan ne ya miƙa masa wuƙar. Wasan da ake fitar da mutum ya koma ɗan kallo, kuma ba a gamawa sai kowa ya talauce saura mutum ɗaya, bai dace da majalisar da ke da irin wannan mutumin ba. Risk ma haka yake, kar wani ya zo ya ce maka shi, can ma ƙulla amana ake a warware, a share mutum daga taswira tun dare bai yi nisa ba.

Catan kuwa wasa ne mai kyau, ba na musu. Wani Bajamushe, Klaus Teuber, ya ƙirƙiro shi a 1995, kuma a shekarar ya ci Spiel des Jahres, kyautar wasan shekara ta Jamus. Ba a fitar da kowa, wanda ya fara kai maki 10 ya ci. Daɗinsa ciniki: katako, bulo, tumaki, alkama da tama, kana da wannan ba ka da wancan, dole ka nemi ɗan'uwanka. In akwai 'yan kasuwa a cikinku za ka sha dariya, ka ji mutum na rantsuwa a kan tunkiya ɗaya. Amma na mutum uku zuwa huɗu ne. Akwai ƙaramin kwali daban da ke kai shi biyar ko shida, bakwai dai ba ya shiga. Sannan akwai ɓarawo. Duk lokacin da aka jefa bakwai, kuma da dayis biyu bakwai ce ta fi fitowa, wanda ke riƙe da kati fiye da bakwai zai zubar da rabi, wanda ya jefa kuma ya ɗora ɓarawon a gonar wanda ya ga dama ya zare masa kati. Ka auna mutuminku da ɓarawo a hannu. Ko ka auna an ɗora masa sau biyu a jere.

Af, tunda na ambaci dayis, ka tambayi mutanenka tukuna. Mu akwai wanda ko lido ba ya taɓawa saboda hadisin nardu, wato wani wasan dayis na da, da ke cikin Sahihu Muslim, sai dai ya zauna ya sha shayi ya yi mana hira. Ba fatawa na zo yi ba, malamai na nan, amma kunya ce ku sayo abu da tsadar fam sannan ɗaya ya ce shi ba da shi ba. Monopoly da Catan duk da dayis ake yi. Waɗanda zan faɗa maka yanzu babu mai shi.

Wanda ya dawo da mu zama, bayan mun sake haɗuwa ba tare da wancan ba, shi ne Ticket to Ride. Na Alan Moon ne, 2004 ya fito. Kowa na da taragu 45, ana ba ka tikiti a ɓoye cewa ka haɗa gari kaza da gari kaza da layin dogo. In layi ya zo kanka abu ɗaya za ka yi cikin uku: ka ja kati, ka shimfiɗa hanya, ko ka ƙaro tikiti. Shi ke nan. Dattijon da muke zama a ƙofar gidansa ya koya a zama ɗaya, yanzu shi ke cin mu. Abin da na fi so, ba wanda ya san mai ci sai an gama an buɗe tikiti, don haka ba mai samun sa'a biyu yana yi wa wani gori. Ka ce a kawo na Turai, wanda ya fito a 2005, kar na Amurka. A na Turai kowa na da tasha uku, in an tare maka hanya kana iya kafa tasha ka ari layin wani, wannan kaɗai ya kashe rabin rigima. Matsalarsa mutum biyar ne iyaka. Mu biyu-biyu muke haɗa waɗanda suka yi saura, ko su koma gefe su buga dara kafin a zagayo.

Ka ja wa ƙaninka kunne sosai ya karanta jikin kwali. Akwai taswirar Afirka ta wasan, ganin sunan zai iya ɗaukar hankalinsa, amma ƙari ce kawai, babu taragu a ciki, sai kana da uwar wasan. Haka ma ƙaramin kwalin Catan ɗin nan, shi kaɗai ba ya buguwa. Kuma ya saya a shago na gaske, jabu sun yi yawa a intanet, katinsu laƙai-laƙai, launin ma ba ya fita.

In kuma dole sai ku bakwai a wuri ɗaya, akwai 7 Wonders, mutum uku zuwa bakwai, kowa na wasa lokaci guda, ka zaɓi kati ka miƙa sauran ga na kusa da kai, in an iya rabin awa an gama. Sai dai alamominsa da yawa, daren farko kowa zai yi ta tambaya har ka gaji, kuma akwai hotunan gumaka da wuraren bautar mutanen da a katunan, in akwai mai ƙyamar haka.

Amma ka ji wata dabara da ba ta cin ko sisi, ku gwada ta wannan Asabar ɗin tun kafin jirgi ya taso. Akwai wani wasa Codenames, na wani ɗan ƙasar Cek, Vlaada Chvátil, 2015. Kalmomi 25 ake jerawa, biyar-biyar, a rabu gida biyu, kowane gida da shugaba. Shugabannin biyu kaɗai suka san kalmomin kowane ɓangare: tara na masu farawa, takwas na ɗaya gidan, bakwai ba na kowa ba, ɗaya kuma in ka taɓa ta an cinye ku nan take. Shugaba kalma ɗaya zai faɗa da lamba, wato yawan kalmomin gidansu da ta shafa, mutanensa su yi ta gardama su gano abin da yake nufi. Na kantin da Turanci yake, mu da muka gwada sai masu boko suka danne sauran, abin da ya kashe mana Scrabble ke nan, duk da alfaharin da muke yi da Wellington Jighere da ya ci na duniya a 2015. Sai muka yanka kwalin taliya muka rubuta namu da Hausa: wuya, gari, baki, kai, tuwo, kura, Zariya, sarki, haka dai. Wallahi ban taɓa ganin majalisa ta yi dariya irin ta daren ba. Wani shugaba ya ce "biki, uku", mutanensa suka tafi kai tsaye suka taɓa "bashi", ita ce kuwa mai kisan. Minti goma sha biyar an gama, a sake raba gida. Mutuminku mai zafin kaye, in an ci su ba shi kaɗai aka ci ba, in sun ci ba shi kaɗai ya ci ba. Kar dai ku ba shi shugabanci a zagayen farko.

Wani zai ce maka Pandemic, wanda duk ku haɗu ku yaƙi annoba, har Legas da Khartum na kan taswirar. Huɗu ne iyakarsa, kuma irin mutumin nan zai karɓe wasan gaba ɗaya, ya riƙa cewa kai je can, kai ajiye wannan, ku zama 'yan aikensa.

Sai wurin zama. Ba ka faɗa ba ko a tabarma kuke ko kuna da tebur. Ticket to Ride allonsa babba ne, a tabarma ƙafa ɗaya in ta motsa taragu sun watse, fanka kuma ta kwashe kati. Ku samo faifan katako ko da na tela ne. In an ɗauke wuta, ja da ruwan lemo ba sa rabuwa a hasken tocilan, mun sha rigima a kan wannan, ku tanadi fitila mai caji mai farin haske. Shayi da tsire kuma a nesa da allo, mai ƙuli a hannu ya wanke kafin ya taɓa kati. Kuma mutum ɗaya ya zauna ya karanta doka tun kafin ranar, ko ya kalli bayani a YouTube, a kuma yarda tun farko cewa abin da ke takarda shi ne doka, ba "haka muke yi a makaranta" ba. Wanda ya karanta dokar kuma kar ya zama mutumin nan.

Aro kuma babu. Ko wa ya ce zai kai gida yara su gani, ka ce ya kawo yaran. Namu ya taɓa fita kwana biyu, ya dawo babu taragu shuɗaye guda huɗu, har yau da waken suya muke cike gurbinsu. Ku sa kowane launi a ledarsa, a ƙirga kafin a tashi.

Ka faɗa mini su wa suka fi yawa a cikinku, 'yan kasuwa ko ma'aikata, da kuma ƙarfe nawa kuke tashi, don in goma kuke watsewa ko Catan ɗin ma da kyar za ku gama zagaye ɗaya da masu koyo. In kana son kalmomin da muka rubuta na Hausan nan, ka yi mini magana in ɗauko hotonsu, sai dai ka cire sunayen mutanen unguwarmu da aka cusa a ciki.